Me Ya Sa Kashe-Kashe da Fashi Suke Raguwa a Manyan Birane?

"Assalamu alaikum Malam. Na karanta cewa a birane irin su New York kisan kai ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekaru talatin da suka wuce, alhali jama'a ƙaruwa suke yi, bindigogi ma ba su ƙare ba. A tunanina duk inda mutane suka yi yawa, laifi ma yawa yake yi. Shin da gaske an samu wannan raguwar, ko dai hukumomi ne suke gyara alƙaluma? In da gaske ne, me ya jawo ta?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙunshi abu biyu: ko raguwar da ake faɗa ta tabbata, sannan in ta tabbata, mene ne musabbabinta. Na farkon yana da amsa ƙwaƙƙwara. Na biyun kuwa masana sun shafe fiye da shekara ashirin suna muhawara a kansa, don haka zan kawo maka manyan bayanan da ake bayarwa, in auna kowanne, in kuma faɗa maka inda ra'ayina ya karkata bayan shekarun da na yi ina nazarin alƙaluman laifuka da koyar da su.

Raguwar ta tabbata

A shekarar 1990 an kashe mutum 2,245 a birnin New York, lokacin da mazauna birnin suke kimanin miliyan 7.3. A 2017 adadin waɗanda aka kashe bai kai 300 ba, alhali jama'ar birnin sun haura miliyan 8. A faɗin Amurka kuwa, a 1991 ana kashe kusan mutum 10 cikin kowane mutum 100,000 a shekara, amma zuwa 2014 abin ya sauko ƙasa da 5. Fashi da raunata mutane da gangan su ma sun bi wannan sawu, kuma manyan birane, waɗanda suka fi shan wahala a shekarun 1980, su ne suka fi samun sauƙi. Kanada ta ga irin wannan raguwar a daidai wannan lokaci, a Ingila da Wales kuma laifuka sun kai ƙololuwa a 1995 sannan suka yi ta sauka.

Zargin da ka yi na gyaran alƙaluma yana da tushe, domin an sha kama jami'ai suna rubuta fashi a matsayin sata, ko su ƙi karɓar ƙorafi gaba ɗaya, don ofishinsu ya fita kunyar shugabanni. Shi ya sa duk lokacin da aka ba ni alƙaluman wani birni, da kisan kai nake farawa, saboda gawa ba ta ɓoyuwa cikin sauƙi, kuma asibiti da ofishin rajistar mace-mace suna da nasu lissafin da bai bi ta hannun 'yan sanda ba. Daga nan sai in duba binciken da ake yi gida-gida, inda ake tambayar mutane ko an cutar da su a watannin da suka gabata, sun kai ƙara ko ba su kai ba. Amurka tana gudanar da irin wannan bincike tun 1973. Dukan waɗannan majiyoyi uku sun nuna saukar, kuma da wuya a ce an haɗa baki an murɗe su baki ɗaya. Akwai dai gyara guda da ya kamata a yi: ci gaban aikin likitocin gaggawa ya sa wasu da aka harba, waɗanda a da za su mutu, yanzu suna rayuwa. Wannan ya taimaka wajen rage adadin gawarwaki, amma ba zai bayyana raguwar fashi ba, domin likita ba ya hana a yi wa mutum ƙwace.

Abin da ya kamata a fara fahimta

Tunanin cewa yawan jama'a shi ke kawo yawan zubar da jini ya samo asali ne daga ɗaukar cewa tashin hankali a baje yake a ko'ina cikin birni. Bincike ya nuna akasin haka. A 1989 Lawrence Sherman da abokan aikinsa sun bi kiraye-kirayen da aka yi wa 'yan sanda a birnin Minneapolis, suka gano cewa kimanin kashi 3 cikin 100 na adiresoshin birnin su ne suka samar da rabin kiran. David Weisburd ya maimaita irin wannan aikin a Seattle da wasu birane, ya sami cewa kusan rabin laifuka suna faruwa ne a kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na layukan birni. Ko a cikin unguwar da ta yi ƙaurin suna, yawancin layuka lafiya lau suke, wasu 'yan lunguna ne kawai suke jawo mata baƙin jini.

Haka abin yake ta fuskar mutane. A Boston a tsakiyar shekarun 1990, masu bincike sun gano cewa 'yan daba kimanin 1,300, waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 na matasan birnin ba, suna da hannu a aƙalla kashi 60 cikin 100 na kisan matasa, ko dai a matsayin masu kisa ko kuma waɗanda aka kashe. A duk tarin bayanan da na taɓa zama na tantance, wannan siffar tana fitowa: sunaye kaɗan ne suke ta maimaituwa, wanda aka harba bara shi ake nema bana da zargin harbi, kuma galibi dalilin bai wuce raini, ko bashi, ko ramuwar gayya ba.

Wannan batu na ramuwa shi ne a ganina mabuɗin tambayarka. Kisa ɗaya yakan haifi na biyu, na biyu ya haifi na uku. Idan matashi ya ga sa'o'insa suna yawo da bindiga, shi ma sai ya nemi tasa don tsoro, ko da ba shi da niyyar cutar da kowa, daga nan cacar bakin da a da za ta ƙare da dambe sai ta ƙare da jana'iza. Tashin hankali kamar gobara yake, yana cin gaba da kansa muddin akwai abin ci a kusa, kuma idan ya fara lafawa, lafawar ma tana ƙarfafa kanta. Harbin da aka hana yau ya hana ramuwar gobe, mutane su fara fitowa da dare, shaguna su ƙara lokacin rufewa, idanu su yi yawa a kan titi, 'yan sandan bincike su sami sarari su warware shari'o'in da ke hannunsu. Saboda haka ƙaramin canji a wurare kaɗan da mutane kaɗan yana iya zama babbar raguwa a lissafin birni duka.

Kasuwar ƙwaya

Kafin a tambayi abin da ya saukar da kisa a Amurka, ya kamata a san abin da ya ɗaga shi. A tsakiyar shekarun 1980 wani nau'in hodar iblis mai araha da ake kira kirak ya mamaye unguwannin talakawa. Ana sayar da shi ƙulli-ƙulli a bakin titi, ciniki kuma da tsabar kuɗi ne, don haka dillalai suka ɗebi yara matasa aiki suka ba su bindigogi. Masanin nan Alfred Blumstein ya nuna cewa kusan duk ƙaruwar kisan da aka samu daga 1985 zuwa farkon shekarun 1990 ta fito ne daga matasa masu amfani da ƙananan bindigogi, yayin da kisa a tsakanin manya bai ƙaru ba. Da kasuwar ta lafa, iyakokin dillalai suka daidaita, ƙannen waɗanda ƙwayar ta lalata suka guje ta bayan sun ga abin da ta yi wa yayyensu, sai kisan matasa ya faɗi da sauri. Daga baya wayar hannu ta ɗauke wani ɓangare na cinikin daga kan titi zuwa cikin gidaje, faɗa a kan mallakar kwana ko lungu ya ragu. Wannan bayani ya dace da Amurka sosai, sai dai ba zai yi aiki a ƙasashen da kirak bai taɓa yin irin wannan ƙarfin ba, amma su ma suka ga raguwa.

'Yan sanda

Nan ne muhawara ta fi zafi, domin nan ne 'yan siyasa suke neman yabo. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa Rudolph Giuliani ya zama magajin garin New York a 1994, ya naɗa William Bratton shugaban 'yan sanda, suka ɗauki ka'idar fasassun tagogi wadda James Wilson da George Kelling suka gabatar a 1982, wato idan aka bar ƙananan ɓarna ba hukunci, manyan laifuka za su biyo baya. A 1994 ɗin suka kafa tsarin CompStat, inda ake zana taswirar laifuka kowane mako, a tsayar da kwamandan kowane yanki ya yi bayanin abin da yake yi a kai.

Akwai gaskiya a labarin, amma bai cika ba. Kisa ya fara sauka a New York tun 1991, zamanin magajin gari David Dinkins, wanda shi ne ya samo kuɗin ɗaukar dubban sababbin 'yan sanda. Birnin San Diego, wanda ya bi hanyar haɗa kai da mutanen unguwa maimakon kame barkatai, shi ma ya sami raguwa mai yawa a shekarun. Gwaji mafi bayyana kuwa shi ne na tsayar da mutane a titi ana caje su. A 2011 'yan sandan New York sun yi irin wannan tsayarwar kimanin sau 685,000, kusan tara cikin goma na waɗanda aka tsayar ba a same su da laifin komai ba, kuma mafi yawansu baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. A 2013 alƙaliya Shira Scheindlin ta yanke hukuncin cewa yadda ake aiwatar da abin ya saɓa wa tsarin mulki. Zuwa 2016 tsayarwar ta koma kusan 12,000 a shekara. An yi ta hasashen jini zai kwarara, amma kisa ya ci gaba da sauka har ya kai matakin 2017 da na ambata. Dubban ɗaruruwan mutane aka wulaƙanta a kan abin da birnin ya iya rayuwa ba tare da shi ba, kuma wannan abin takaici ne da bai kamata a manta da shi ba idan ana yabon wancan zamani.

Abin da hujjoji suka goyi baya ya fi haka taƙaituwa. Yawan 'yan sanda yana rage kisa: wani bincike da Aaron Chalfin da abokan aikinsa suka yi a manyan biranen Amurka ya ƙiyasta cewa duk ƙarin jami'ai 10 zuwa 17 yana hana kisa ɗaya a shekara, ko da yake yana ƙara yawan kame a kan ƙananan laifuka. Tura jami'ai zuwa 'yan wuraren da laifi ya taru yana aiki, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa laifin ba ya komawa layin baya kawai kamar yadda ake tsoro. Sai kuma hanyar Boston ta 1996, wadda David Kennedy ya taimaka wajen tsarawa: aka tara 'yan daban gaba da gaba da 'yan sanda, da malaman addini, da iyayen waɗanda aka kashe, aka gaya musu cewa duk ƙungiyar da ta sake harbi, hukuma za ta dira a kan ƙungiyar baki ɗaya, wanda kuma yake son fita za a nema masa aiki ko makaranta. Kisan matasa ya ragu da kimanin kashi 63 cikin 100. Birnin Glasgow na Sikotlan, wanda ya yi fama da sara da sukan wuƙa, ya kafa sashen rage tashin hankali a 2005, daga baya ya ɗauki wannan salo. Darasin da ke ƙarƙashin duka shi ne tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin hukunci hana shi aikata laifi, domin matashin da ke cikin fushi ba ya lissafin bambancin shekara goma da ashirin a kurkuku, amma yana lura da ko an kama wanda ya yi harbin makon jiya.

Kurkuku

Amurka ta ɗaure mutane fiye da kowace ƙasa mai arziki, har adadin fursunoninta ya kai kimanin miliyan 2.3 a 2008. Babu shakka wanda yake tsare ba zai yi fashi a titi ba, kuma Steven Levitt a 2004 ya lissafa ɗauri cikin manyan dalilan raguwar. Amma amfanin yana raguwa da ƙaruwar adadi, domin waɗanda aka fara ɗaurewa su ne mafiya haɗari, waɗanda suka biyo baya kuwa galibi masu ƙananan laifuka ne ko tsofaffin da suka riga suka wuce shekarun rigima. Franklin Zimring ya jawo hankali ga Kanada, wadda ta sami raguwa makamanciyar ta Amurka a shekarun 1990 ba tare da ta cika gidajen yari ba. Jihar New York ita kanta ta fara rage fursunoninta daga 1999, laifi kuma bai daina sauka ba.

Bayanan da suka shafi tsara guda

Wasu masanan sun koma baya shekara ashirin suna neman abin da ya canza a yarintar matasan 1990. Mafi ƙarfin waɗannan bayanai shi ne na gubar dalma. Shekaru da dama ana zuba dalma a man fetur, hayaƙin motoci yana bazata, kuma yaran manyan birane su suka fi shaƙa saboda cunkoson ababen hawa. An tabbatar a likitance cewa dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, tana rage masa iya danne fushi. Amurka ta fara janye ta daga fetur a shekarun 1970, ta haramta ta gaba ɗaya ga motoci a 1996. Rick Nevin da Jessica Reyes sun nuna cewa hawa da saukar dalma sun yi daidai da hawa da saukar laifuka bayan kimanin shekara ashirin. Abin da yake jan hankalina ga wannan bayani shi ne ya amsa dalilin da ya sa manyan birane suka fi ƙananan garuruwa hawa da kuma sauka, ya kuma shafi ƙasashe da yawa lokaci guda. Sai dai nazarce-nazarcen baya-bayan nan da suka tattara sakamakon bincike da yawa sun nuna cewa rabon dalma ya gaza abin da aka fara zato.

Bayanin John Donohue da Levitt na 2001, cewa halatta zubar da ciki a 1973 ya rage haihuwar yaran da za su tashi cikin ƙunci, ya yi suna ƙwarai, amma an gano kuskure a lissafinsa a 2005, kuma bai dace da yadda raguwar ta faru tsakanin rukunonin shekaru ba. Tsufan al'umma ya taimaka kaɗan, tunda samari ne suka fi aikata waɗannan laifuka. Tattalin arziki kuwa ya fi kowane bayani ba mutane mamaki: an yi bunƙasa a shekarun 1990, amma da aka shiga mummunan karayar 2008 da 2009, miliyoyi suka rasa aiki, laifuka suka ci gaba da sauka. Baƙin haure ma, waɗanda ake yawan ɗora wa laifi, Robert Sampson ya nuna cewa unguwannin da suka cika da su a Chicago sun fi makamantansu zaman lafiya.

Mutanen unguwa da yanayin wuri

Wannan ɓangaren shi aka fi yi wa rowar yabo, kuma shi ya fi kwanta mini a rai. Patrick Sharkey da abokan aikinsa sun bi ɗaruruwan biranen Amurka, suka ƙiyasta cewa duk ƙarin ƙungiyoyin sa-kai 10 masu aikin unguwa a cikin mutum 100,000 yana tafiya da raguwar kisa da kashi 9 cikin 100. Waɗannan su ne iyaye mata da suka kori dillalai daga filin wasan yara, da masu buɗe wuraren karatu bayan makaranta, da masu jinyar 'yan ƙwaya. A Philadelphia an yi gwaji na gaske, aka zaɓi kangwayen filaye ta hanyar ƙuri'a, aka share wasu aka shuka ciyawa aka kewaye su da ɗan shinge, aka bar wasu yadda suke. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen filayen da aka gyara a unguwannin matalauta. A New York an ƙara fitilu masu haske a wasu rukunonin gidajen gwamnati a 2016, manyan laifukan dare a waje suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A Chicago, Sara Heller ta nuna cewa ba matasa aikin hutun bazara na makonni takwas ya rage kama su da laifin tashin hankali da kashi 43 cikin 100 a cikin watanni 16 da suka biyo baya. Ƙarfin waɗannan sakamako shi ne yawancinsu daga gwaji suka fito, inda ake da rukunin da za a kwatanta da shi.

A ƙara da cewa laifi ya yi wuyar aikatawa. Motoci sun sami na'urar hana tayarwa ba da makullinsu ba, gidaje sun sami ƙofofi masu ƙarfi, kyamarori sun yawaita, mutane sun rage yawo da tsabar kuɗi. Graham Farrell yana ganin satar mota ita ce ƙofar da yara da yawa suke shiga harkar laifi ta cikinta, don haka rufe ta ya rage masu kaiwa ga fashi.

Raguwar da ke buƙatar taka-tsantsan

Ba kowace sauka ce alamar lafiya ba. Medellín ta ƙasar Kolombiya ta kai kusan kisa 380 cikin kowane mutum 100,000 a 1991. Bayan kashe babban dillalin ƙwaya Pablo Escobar a 1993, sannan zuwan magajin gari Sergio Fajardo a 2004 da gina ɗakunan karatu da motocin da ke tafiya a sama rataye da igiya masu haɗa unguwannin kan tudu da tsakiyar gari, adadin ya faɗi warwas. Amma masu nazarin birnin da yawa sun nuna cewa wani ɓangare na lafawar ya zo ne lokacin da uban daba guda ya mamaye harkar ya hana yaransa kisa barkatai. Irin wannan muhawara ake yi a kan São Paulo ta Birazil, inda kisa ya ragu sosai daga shekarar 2000: wasu suna yaba gyaran aikin 'yan sanda da dokar taƙaita bindigogi ta 2003, wasu kuma suna nuni ga ƙungiyar 'yan daba ta PCC da ta zama ita kaɗai ke juya kasuwar ƙwaya. Zaman lafiyar da 'yan daba suka shimfiɗa yana rushewa ranar da suka saɓa, kuma kafin ranar ma mutanen unguwa suna biyan kuɗin kariya cikin tsoro, abin da alƙaluman kisa ba sa nunawa.

Iyakar abin da za a iya tabbatarwa

Duk waɗannan abubuwa sun faru ne kusan lokaci guda, kuma ba za a iya mayar da birni 1990 a cire dalili ɗaya a ga abin da zai faru ba. Don haka duk wanda ya raba maka raguwar kashi-kashi, ya ce wannan na 'yan sanda ne, wancan na kurkuku, ƙiyasi yake yi. Idan ɗalibaina suka kawo mini sabon bayani, nakan sa su gwada shi da tambayoyi uku: shin abin ya riga raguwar faruwa ko bayanta ya zo, shin wuraren da ba su yi shi ba su ma sun sami raguwar, kuma shin yana aiki a wajen ƙasar da aka ƙirƙiro shi. Bayanai kaɗan ne suke tsallake ukun. Masana ma sun taɓa yin kuskure babba a wannan fage, domin a 1995 John DiIulio ya yi hasashen zuwan tsarar matasa marasa imani da za su cika tituna da jini, jihohi da yawa suka tsananta dokokin hukunta yara, alhali a daidai lokacin laifukan matasa sun riga sun fara sauka.

Sannan raguwar tana iya juyawa. A 2020, shekarar annobar korona da zanga-zangar da ta biyo bayan kisan da ɗan sanda ya yi wa wani baƙar fata mai suna George Floyd, makarantu da cibiyoyin matasa suka rufe, cinikin bindigogi ya yi tashin gwauron zabo, amana tsakanin 'yan sanda da unguwanni ta yi rauni, kisa a Amurka ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 a shekara guda, hawan da ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka fara tattara alƙaluman ƙasa. Hawan ya shafi manyan birane da ƙauyuka, da jihohin da kowacce daga manyan jam'iyyun siyasar ƙasar biyu take mulka. Da makarantu da ayyukan unguwa suka dawo, gwamnatin tarayya kuma ta zuba kuɗi a ƙananan hukumomi, kisa ya sake sauka da fiye da kashi 10 cikin 100 a 2023, ya ƙara sauka fiye da haka a 2024, kuma masu bincike suna kan tantance rabon kowane dalili a wannan sabuwar saukar.